Hannun Hagu a Bayan Allo

Shekaranjiya kun zo zaurena ku huɗu, kun yi gaisuwa mai kyau, ba zan ci haƙƙinku ba. Kun ce kun kafa ƙungiya a nan Gwarzo, za ku riƙa haska tsofaffin finafinan kuka a babban allo, kuma kuna so in zo in zauna a kujerar gaba ranar buɗewa. Duk na ji. Amma da kuka tashi tafiya, dogon nan naku mai tabarau ya ce wa ɗan'uwansa, yana zaton kunnena ya mutu: "Wai mene ne aikin a ciki? Ka kunna ka zauna." To, kunnena da sauransa. Tun ranar maganar nan take cina, na kasa haɗiye ta, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Ku karanta kafin ku ɗaura ƙyallenku.

Aikina na farko a wurin maigidana Malam Inuwa shi ne goge ƙofar majigi, wato ɗan tagar nan da fim yake wucewa ta gabanta haske ya ratsa shi. Malam Inuwa tsohon soja ne, ya koyi inji a yaƙin Bama, ya dawo ya yi wa gwamnatin Turawa yawon majigi ƙauye-ƙauye, daga baya ya sami tsohon inji nasa na kansa ya zauna a Gwarzo. Ya ba ni gashin kaza ɗaya da ɗan ƙyalle ya ce in goge. Na goge sama-sama na ce na gama. A daren muka haska a ƙauyen Kara, sai ga wani silin gashi da ya maƙale a ƙofar ya fito a allo kamar gansheƙa, yana ta mutsu-mutsu a kan fuskar Bature mai koyar da shukar auduga. Mutanen gaba suka dare, wani tsoho ya bar takalminsa. Shekara guda cur Malam Inuwa ya hana ni taɓa fim, daga gashin kaza sai ɗaukar kaya, kuma ina da gemuna a lokacin.

A shekarar nan na koyi abin da ba ya cikin injin. Na koyi duba wata kafin a sa rana, domin farin wata yana wanke hoto ya bar ka da inuwa. Na koyi duba inda iska take tahowa, in ba haka ba allo ya yi ciki, fuskar mutum ta kumbura ta motse. Allon namu yadin akoko ne, ni nake wanke shi in sa masa bula, in ɗaure shi a gora biyu, in ja igiya har sai ya yi ƙara in an ɗana shi. Injin wuta kuma can nesa ake kai shi bayan wani gini, a jawo doguwar waya, don kada rurinsa ya danne magana. Sai bayan duk wannan aka bar ni na sa fim a haƙoran inji. Ana barin ɗan sassauci sama da ƙofa, ɗan sassauci ƙasa da ita. Malam Inuwa yana kiransa numfashi. In numfashi ya ɓace, hoto ya kama rawa kamar mai zazzaɓi, in ka yi sanyin hannu haƙora su yaga fim ɗin mutane. In ya tsinke kuma, ka kankare bakinsa da reza, ka shafa ruwan liƙi, ka danne da yatsa, duk a hasken 'yar fitila, jama'a suna ihu a bayanka.

Amma ainihin sana'ata baki ce. Finafinan da ake samu ba da Hausa suke ba, saboda haka dole wani ya riƙe makirfo ya gaya wa mutane abin da ake ciki. Ni ma ba jin yarensu nake ba. Da rana nake shiga ɗakin ajiyar Malam Inuwa, mu toshe taga da buhu, in kalli fim sau uku ina zufa, har in gane wane ne ɗan wane, wa aka cuta, wa ya yi cutar. In raɗa wa kowa suna irin namu. In san inda zan ɗaga murya, in san inda zan yi shiru in bar mutane da kukansu, wanda shi ne ya fi wuya. Mai bayani da ba ya iya rufe bakinsa ya lalata fim. Har aka daina kirana Sabo kawai, sai Sabo Mai Baki, kuma da wannan sunan nake ci.

Ku ba ku ne farkon masu ƙungiya a garin nan ba. A zamanin Turawa akwai wata, ta malaman elemantare da malamin asibiti da akawun gyaɗa da tela biyu. Sun gaji da majigin tona shadda da wanke hannu, suka ce su labari suke so, wanda za a yi soyayya a rabu a yi kuka. Suka naɗa Malam Lawan shugaba, wani malamin makaranta mai son sa alƙalami uku a aljihun gaba. Su suke aikawa Kano wurin wani Balarabe ɗan kasuwa a ɗauko hayar fim, motar gyaɗa ta kawo shi cikin gwangwani, mu kuma mu haska a filin makaranta bayan sallar isha'i. Maza ne zalla sai yara. Na ga manyan mutane masu rawani suna share ido da bakin riga suna cewa hayaƙin injin wuta ne, alhali injin yana can bayan aji.

Shekarar da ta ɓaci mana ta fara ne bayan an cire gyaɗa. Maganganu suka yi yawa cewa finafinan nan suna ɓata tarbiyya. Hakimi mutum ne mai nazari, bai yanke hukunci da ji kawai ba. Ya ce yana da gwaggo a Kabo, Inna Babba, wadda ta raine shi, kuma bai taɓa ganin ta yi kuskure a kan halin mutum ba. A je a nuna mata da matan gidanta. In ta ce babu laifi, a ci gaba. In ta ce da laifi, majigin labari ya ƙare a ƙasarsa.

Gidan Inna Babba gidan kulle ne, namiji baligi ba ya wuce zaure. Malam Inuwa ya zagaya gidan sau biyu ya sami dabara. A gefen gabas akwai wurin da katanga ta zube aka tare da zana. Ya ce a cire zana biyu a ɗaura allo a gurbin. Maza da inji suna waje suna kallon gaba, mata suna ciki suna kallon baya, tunda akoko yana ratsa haske. Kowa ya yaba. Kafin la'asar Malam Lawan ya fara gaya wa mutane cewa shi ya kawo shawarar.

Fim ɗin da muka kai na ƙasar Indiya ne, naɗi uku. Wata yarinya ce, na sa mata suna Zainabu, mijinta ya tafi neman arziki ya bar ta da mahaifinsa tsoho makaho. Ita take ba shi ruwa, ita take ba shi abinci, ita take riƙe masa sanda. Sai ƙanin mijin ya ƙulla mata sharri, aka kore ta cikin ruwan sama ba ko mayafi. A Gwarzo wurin nan ne maza suke fara tari. Na san fim ɗin kamar tafin hannuna, kuma a daren na sake murya yadda ban taɓa yi ba. Duk sanda ta durƙusa ta miƙa wa tsohon ƙoƙo sai in ce: "Ku dubi ladabi, jama'a! Allah ya ba kowa suruka irin wannan!"

Daga cikin gida na fara jin tsaki. Na ɗauka sauro ne ya dame su. Da ta sake miƙa masa abinci na sake yabonta, sai gunaguni ya tashi. Na ƙara ƙaimi. Da aka zo wurin kora, ruwa yana dukanta tana kuka tana buga ƙofa, na kwantar da murya na ce: "Allah sarki baiwar Allah, me ta yi?" Sai guɗa ta tashi daga bayan allo. Guɗa fa, irin ta ranar suna, mata wajen talatin! Maza a waje hawaye a fuska, baki a buɗe, kowa yana duban ɗan'uwansa.

Da safe saƙon Inna Babba ya iso, gajere ne. Ta ce yarinyar 'yar banza ce, abin da ya same ta daidai ne, mai bakin kuma maƙaryaci ne da yake koya wa 'ya'yan mutane rashin kunya da sunan ladabi. Ba ta faɗi dalili ba, don a wurinta abin a fili yake, kowa ya gani. Hakimi ya cika maganarsa. Aka ce a rufe majigin labari, ni kuma kada a ƙara jin muryata a lasifika daga Gwarzo har Kabo.

Yanzu ku saurari abin da har gobe yake tafasa mini zuciya. Ƙungiya ta kira taro, aka dafa shayi. Malam Lawan ya miƙe ya gyara alƙalumansa ya ce: "Jama'a, wannan jahilci ne tsagwaronsa. Matan karkara ba su waye ba, ba su san fim ba. Mun yi kuskure da muka kai musu abin da ya fi ƙarfin kansu." Kowa ya gyaɗa kai. Malamin asibiti ya ƙara da cewa wataƙila ni ma ban sauƙaƙa bayani yadda ƙwaƙwalwarsu za ta ɗauka ba. Mutum goma sha wani abu a ɗakin nan, kusan kowa yana da uwa ko 'yar'uwa ko matar aboki da ta zauna a bayan allon, amma babu ɗaya da ya ce a je a tambaye su me suka gani. Ni ma ban ce ba. Na fi kowa laifi, domin yayata ciki ɗaya, Yaya Ladi, tana cikinsu. A Kabo take zaune tun rasuwar mijinta, tana ɗinki da keken hannu, ita take yi wa matan gidan Inna Babba kaya. Fushi ya hana ni zuwa wurinta. Na ce ai da ita aka yi mini guɗa.

Rani ya wuce, damina ta wuce. Malam Inuwa yana buɗe injinsa duk Juma'a ya sa masa mai ya mayar da murfi. Ni na koma dakon buhu a wurin awon gyaɗa da ɗan noman gayauna. In na ratsa kasuwa sai in ji an ce: "Ga mai yabon 'yar banza nan." Mutumin da bakinsa ne jarinsa, a ce bakin maƙaryaci ne, me ya rage masa?

Sai da Babbar Salla ta zo, dole ta sa na je gaishe da Yaya Ladi. Na same ta tana juya kekenta. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi Malam Inuwa, ta ba ni ruwa. Sannan ta tsayar da keken ta dube ni.

"Sabo, tun ranar nake son in tambaye ka. Iya ta taɓa barin ka miƙa mata ko da allura da hagu?"

Na ce: "Wace irin tambaya ce wannan, Yaya?"

"Irin wadda ka ji. Tsoho makaho, uban mijinta. Ta san ba ya gani, shi ya sa take miƙa masa ruwa da hagu, ta ba shi tuwo da hagu, har a baki fa, da hagu! Sau huɗu ina kallo. Kai kuma kana can kana ɓaɓatu a lasifika wai Allah ya ba kowa suruka irinta. 'Ya'yanmu suna zaune suna ji. Wallahi ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, kowa ya san ƙanena ne."

"Yaya, da dama ta ba shi. Na kalli fim ɗin nan ya fi sau goma."

"Au, to mu matan Kabo duka makafi ne ke nan, kamar tsohon?"

Ban tsaya cin naman salla ba. Na hau keken aro na koma Gwarzo na tashi Malam Inuwa daga hutawa. Fim ɗin ya daɗe da komawa Kano, amma yana da wani guntun tsohon naɗi na faretin soja da muke gwada inji da shi. Muka toshe taga, muka rataya allo a tsakiyar ɗaki, na kunna, na ce ya zagaya baya. Ya zagaya. Sai na ji ya ce: "Innalillahi. Soja yana sara wa hafsa da hagu!" Ya fito ya zauna a kan akwatin inji.

Kada ku ce ba mu sani ba. Mun sani sarai cewa hoto yana juyewa a bayan allo. Har mun yi maganar a ranar da muke ɗaura shi, Malam Lawan ya ce rubutun farkon fim zai fito a birkice, muka yi dariya muka ce ai matan ba karatun boko suke ba, me ya dame su. Tunaninmu ya tsaya a kan rubutu, don shi ne abin da mu muke alfahari da shi. Hannu kuwa, wanda kowace uwa a ƙasar nan take karantawa tun daga nesa, babu wanda ya tuna da shi.

Da muka kai wa Malam Lawan labari bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce: "To ai ƙaramin abu ne, kimiyya ce, sai a yi musu bayani." Ya rubuta wa Inna Babba takarda shafi biyu har da zane. Aka karanta mata. Ta ce a gaya wa Malam ta gode, amma ita da idonta ta gani, kuma ba ta tsufan da za a gaya mata hagu dama ce ba. Yaya Ladi ce ta yi ta bin ta, yau da ɗinki gobe da magana, har ta yarda a sake nunawa sau ɗaya. Sharaɗinta biyu: namiji ba zai taka cikin gidanta ba, kuma in ta sake ganin hagu, in tattara bakina in nemi wata ƙasar.

Mako guda muka yi muna neman hanya. Na ce a juya fim ɗin a sa shi ta baya. Malam Inuwa ya nuna mini cewa hudojin haƙora a gefe ɗaya suke, layin murya a ɗaya gefen, in ka juya babu abin da haƙora za su kama. Muka aro babban madubin wanzami muka karkatar da haske ta cikinsa. Hoton ya juya kam, amma ya dushe, kowane soja ya fito da hanci biyu. Hanya ɗaya ta rage, injin ya shiga cikin gida ya haska daga wajen mata. To wa zai tuƙa shi? Na je ina yi wa Yaya Ladi ƙorafi, sai ta ce: "Shi injin naku ba zare ake sa masa ya bi ta ƙugiya-ƙugiya ba? Kawo shi in gani."

Malam Inuwa ya ce sam, shi injinsa ba abin wasa ba ne. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Rana ta uku ya ce a ɗora wa jaki. A zauren Yaya Ladi ya sa fim sau ɗaya tana kallo, ya zare, ya ce ta sa. Ta sa, ta manta numfashin ƙasa. Ya zare. Ta sake. Haka aka yi ta yi kullum daga hantsi zuwa azahar. Ya koya mata canjin naɗi, ya koya mata reza da ruwan liƙi, ya ba ta gashin kaza. Ranar ƙarshe ya ce ta ɗaure idonta da ɗankwali ta sa fim, domin a duhu za ta yi. Ta sa, ta shafa da ɗan yatsa sama da ƙasa, ta ce: "Malam, a kunna." Kwana goma sha biyu ke nan. Ni shekara na yi, kuma abin ya ɗan sosa mini rai. Amma kada dogonku ya ce ashe da sauƙi. Matar nan shekara ashirin tana sa zare a keke a hasken aci-bal-bal, yatsunta sun riga sun san aikin tun kafin su gan shi.

Bayan kaka aka sake ɗauko fim ɗin daga Kano. Mata huɗu suka fito zaure suka ɗauki inji da lasifika ɗaya suka shige da su. Muka jefa waya ta kan katanga. Ni da makirfo da injin wuta da dukan maza muna waje, yau mu ne a bayan allo. Kabo ta cika, har daga Durun an zo, don labari ya bazu cewa yau za a san makomar Mai Baki. Malam Lawan yana kujerar gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi wa na kusa da shi bayanin yadda haske yake tafiya.

Haske ya faɗo a allo daidai, ba karkata. Na yi bisimilla na fara. Da aka zo wurin ruwa, Zainabu ta durƙusa a gaban tsoho ta ɗaga ƙoƙo. Na san abin da zan gani, na shirya masa, amma duk da haka sai da abin ya ba ni kunya. Hagu ce ƙiri-ƙiri, ga tsoho yana lalube yana sa mata albarka. Maza suka ɗauki tsaki. Sai muryar Malam Lawan ta fito sama da ta kowa: "Kai! Amma yarinyar nan ba ta da mutunci, da hagu?" Ya ji abin da ya faɗa, ya sauke ƙafarsa ƙasa. Ban taimake shi ba. Na matsa bakina jikin makirfo na ce: "Ku dubi ladabi, jama'a." Daga cikin gida ko tari babu.

A tsakiyar naɗi na biyu hoto ya kama rawa. Numfashi ya ɓace. Malam Inuwa ya damƙe hannuna har sai da farcensa ya shiga, ga katanga tsakaninmu da injin, babu mai ikon tsallakawa. In fim ɗin ya yage a nan, an gama, domin babu wanda zai ba mu dama ta uku. Rawar ta yi kamar tsawon karatun Fatiha. Sai hoton ya yi tsalle ɗaya ya tsaya cak. Malam Inuwa ya sake ni ya ce a hankali: "Da yatsa ta mayar, ba ta ko kashe ba. Ni ban koya mata wannan ba."

Da aka zo kora cikin ruwan sama, na faɗi 'yan kalmomina na yi shiru. Babu guɗa. Abin da ya ratso akoko shi ne shessheka, da jan hanci, da wata tsohuwar murya tana cewa: "Allah ya isar miki, yarinya."

Da aka gama, haske ya ɗauke, babu wanda ya tashi. Sai muryar nan ta sake fitowa, dab da allo, ashe ta Inna Babba ce.

"Mai Baki yana nan?"

Na durƙusa, ko da yake ba ta ganina. "Ina nan, ranki ya daɗe."

"Shekara guda ina zagin yarinyar nan ba da haƙƙinta ba. Ita ba ta jina, kai kana ji. Na ce maka maƙaryaci a gaban mutane, to a gaban mutane nake janyewa. Ka yafe mini. Gobe zan aika wa ɗana hakimi."

Na ce na yafe. Sai Malam Lawan ya miƙe ya gyara riga ya ce: "Ranki ya daɗe, alhamdulillahi, tunda yanzu an fahimci kimiyyar abin, nan gaba sai a mayar da inji waje kamar da."

Inna Babba ta ce: "Wane ne wannan? Mai takarda?"

Aka ce shi ne.

"A'a, Malam. Inji ya zauna inda yake, Ladi tana nan. Ai ku ne masu ilimi. In kun ga hagu, sai ku san dama ce."

Haka kuwa aka yi. Har Turawa suka tafi, duk fim ɗin da aka kai Kabo daga cikin gida ake haska shi, mazan garin da 'yan ƙungiya suna waje suna kallon mutane suna gaisawa da hagu, sun kuwa haƙura. Ni na ci gaba da bakina shekaru masu yawa. Yaya Ladi ba ta taɓa yaga fim ko sau ɗaya ba, abin da ni ba zan iya rantsewa a kaina ba. Allah ya ji ƙanta, ya ji ƙan Malam Inuwa da Inna Babba. Malam Lawan ma Allah ya ji ƙansa.

Zan zo buɗewarku in Allah ya kai mu, amma ku riƙe kujerar gabanku. In za ku ambaci tsofaffin masu majigi a lasifika, ku fara da sunan Ladi. Kuma na duba takardar gayyatar da kuka bar mini, na ga an rubuta maza a tsakiya, mata daga gefen rumfa. A cikinku wa ya je gefen rumfar nan ya zauna ya ga abin da ake gani daga can? Ku tura dogon mai tabarau. Ya kunna, ya je can ya zauna.